Jan Ƙyalle a Kan Fitilar Babansa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar? Kin rubuto cewa da sauƙi, amma ai na san ki, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya cewa za ki yi da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. 'Yarki ta wajena ta zo ta yi mini kwana biyu ta koma ɗakin mijinta, ciki ya tsufa har tana tafiya tana riƙe ƙugu, a sa ta a addu'a Allah ya raba lafiya. Ɗanki na wajena kuwa, maganarsa ce za ta cika takardar nan, don haka ki gyara zama.

Takardarki ta iso tuni, kuma na san kina can kina cewa ƙanwarki ta yi girman kai, ba ta ba da amsa. Wallahi ba haka ba ne. Na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Na karanta inda kika ce kin share mini ɗakin da ke jikin naki, an yi masa fenti, mai gidanki ya sa sabon labule da hannunsa, shi da ko ƙusa bai iya bugawa ba. Na karanta inda kika ce ya yi wa ɗanki magana da wani makaniki, zai ɗauke shi ya koya masa aiki. Kika ce mu tattaro mu baro garin nan, ramin kwal ya ci Baba, ya ci mijina, me kuma nake jira? Ranar da na fara karantawa sai da na shiga bayan kantar fitilu a wurin aiki na yi kukana, don tun rasuwar nan ba wanda ya ce mini zo. Kowa haƙuri yake ba ni, in zauna inda nake.

Kin daɗe da barin nan, bari in tuna miki yadda ɗakin fitilu yake, in ba haka ba ba za ki gane abin da na yi ba. Duk wanda ke sauka ramin kwal yana da fitilarsa, wadda ake maƙalawa a goshin hular kwano, batir ɗin kuma a ɗamara. Kowace fitila tana da gurbinta a kanta, da lambarta. Da safe su yi layi a tagata in miƙa wa kowa tasa, su wuce su shiga kejin da ke sauka da su ƙasa. Da yamma su dawo mini da su baƙi ƙirin, in goge, in sa a caji. Ba sai na tambayi kowa ba, in na ɗaga kai na dubi kanta na san wanda ke ƙarƙashin ƙasa, domin gurbinsa fanko ne. Fitilar da ta sami matsala kuma jan ƙyalle muke ɗaura mata, ba mai taɓa ta sai mai gyara ya duba. Ba a kuma barin mutum ya shiga keji ba fitila, ko ɗan waye shi. Akwai wani kwando a ƙarƙashin tebur da muke zuba tsofaffin fitilu, waɗanda batir ɗinsu ya gaji, ba sa kai yini. Fitilun aro muke ce musu. Ki riƙe maganar kwandon nan, zan dawo kanta.

Ban taɓa ba ki labarin ranar da babansu ya rasu yadda ya kamata ba, domin da kika zo gaisuwa gida cike yake da mutane. Da safen ni na miƙa masa fitilarsa. Har tsokanata ya yi a taga, wai shayin da na zuba masa a gora ko mai ciwon sukari ba zai yi ƙorafi ba. Rana na tsaka jiniya ta kama kuka, ke ma kin san kukan nan, wanda ba na tashi daga aiki ba. Fitilu suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, ina karɓa ina gogewa ina sawa a gurbi, hannuna yana aiki ni kuwa ba na wurin. Kanta ta cika sai 'yan gurabe, nasa na ciki. Kafin wani ya buɗe baki ya gaya mini na riga na sani. Rufin rami ne ya rufto. Kuma Yaya, sun san zai rufto. Tun kafin ranar ya sha gaya mini cewa rufin wajen da suke haƙa yana magana, haka suke cewa idan dutse ya fara ƙara yana zubo da tsakuwa. Katakon da suke tokare rufi da shi ya ƙare, an ce mota na hanya, sai suka riƙa nesanta tsakanin turaku don wanda ya rage ya isa. Yana faɗa yana dariya yana wanke ƙafa, ni ma ina dariya, don haka muka taso muka ga ana yi.

Duk wanda ya shigo gaisuwa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda, ba na ja da ikon Allah. Amma in na ce katako ma ai ya ƙare, sai a riƙa kallona kamar na yi saɓo, wata ta dafa ni ta ce in yi salati. To na yi salati. Motar katakon ta iso bayan mun yi jana'iza, ta ƙofar gidana ta wuce.

Kin san al'adar kamfani ba ta canza ba: in rami ya riƙe mutum, a ba wani daga gidansa gurbinsa. Ni za a gaya wa? Da Baba ya tafi bai bar namiji ba, shi ne aka ba ni tagar nan, ke kuma aure ya ɗauke ki ya yi nisa da ke. Da tagar nan na ci na sha na raini yara, ba zan butulce ba. To bayan an share makoki sai ga heluma, shugaban rukunin su marigayi, ya yi sallama da fitila a hannu. Fitilar babansu ce, an tono ta, an sa mata sabon gilashi, an goge ta tas. Ya ce manya sun amince, gurbin na ɗanki ne, lambar ma ba za a canza ba. Ke dai bari. Kafin ya gama sa takalmi gida ya cika da masu barka. Wai barka, Yaya! Maƙwabciyata ta ce nata ɗan ya shekara yana tsayuwa a ƙofar kamfani ba a ko kalle shi ba, ni kam Allah ya share mini hawaye. Wata da ba ta gaishe ni a hanya sai ga ta da fara'a, ashe 'ya gare ta budurwa. Ina zaune a tsakiyarsu ina amsa amin, ba ko ɗaya da ta dubi fuskata. A garin nan in namiji bai tofar da baƙin yawu ba, ba a sa shi cikin maza, in ya fara tari a ce aiki ya karɓe shi. Wa zan kai wa kukana?

Da suka watse na ɗauko takardarki na ba ɗanki. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya ce Allah ya saka wa Inna babba da alheri, amma shi ba inda za shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, har na ce in ya sauka ramin nan ban yafe ba, na kuma dawo na janye don tsoron bakin uwa. Ya ce abokan babansa suna jiransa, in ya ƙi gurbin nan da wane ido zai bi ta layinmu? Ya ce kakansa bai gudu ba, babansa bai gudu ba, ba a kansa za a fara ba. Wai a birni ɗan aike zai zama, yana wanke wa wani sifana, a nan kuwa kowa ya san ɗan wane ne. Har da ce mini ai wutar da kuke kunnawa a can wani ne ke haƙo ta, in kowa ya ce ba ɗansa ba, wa zai haƙa? Na ce oho, su haƙa da kansu, ni na ba da biyu, na gama zakkata. Ya yi dariya, irin dariyar babansa sak. Yaron nan da kike goyo yana miki fitsari a baya, yau ya fi ƙofar ɗaki tsawo, sai ya sunkuya yake shiga.

Ranar da zai fara aiki na riga kowa zuwa. Na tsaya gaban kanta ina kallon fitilar a gurbinta, cajinta a cike, ba abin da ya same ta. Sai na ciro jan ƙyalle na ɗaura mata. Da ya iso taga da sabon takalminsa da sabuwar hula, abokan babansa suna bubbuga masa kafaɗa, na ce fitilarsa ba lafiya. Heluma ya ce to ya koma gida sai an gyara. Mai gyara ya zo ya kwance ta ya duba ciki da waje bai ga komai ba, ya cire ƙyalle. Washegari na mayar. Ya sake dubawa, ya kalle ni ta saman tabarau, bai tona ni ba, Allah ya yi masa albarka. Haka muka yi ta yi kwanaki. Kuma ba zan ɓoye miki ba, kwanakin nan su ne na fara jin ɗanɗanon abinci tun rasuwar. In dawo gida in tarar da shi a zaune yana huci, fuskarsa fes ba ɗigon baƙi, in ce a raina huci dai ba ya kisa. Har jaka na ɗauko na fara jera kaya a ɓoye, ina cewa zai gaji ya ce mu tafi wajen Inna babba.

Abin da ban lissafa ba shi ne kwandon nan. Wata safiya mutanen heluma ba su cika ba, wasu na kwance da tari, ga shi an matsa masa a kan aiki. Da na ce fitila har yanzu ba lafiya, sai ya daka tsawa ya ce shi ya gaji, a ba yaro ta aro ya sauka. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo don ba a kashe bakinta, tana cikin ba da labarin bikin wata ta sunkuya ta zaro ɗaya daga kwando ta miƙa masa ta ɗaya tagar, ko kunnawa ba ta yi ba. Ina tsaye ina gani. Abin da ya kamata in yi shi ne in fizge ƙyallen nan in ce ga tasa lafiyarta ƙalau. Amma ga layin maza har waje, ga heluma, ga ɗanki yana kallona, sai na ji kunyar tona kaina. Kafin in tattaro hankalina in ɗauko fitilar in zagayo ta ƙofa, keji ya sauka da su. Na roƙi mai keji ya aika masa da ita, ya ce daga yanzu kwal kawai yake ɗagowa, mutum ko saƙo sai an tashi. Na koma na zauna da fitilar a cinyata, tana ci da haskenta da rana tsaka.

Yaya, ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ni na san fitilun kwandon nan ɗaya ɗaya, ni na zuba su. Na san wadda aka ba shi, mai tsagaggen murfi, wadda ke fara ja-ja tun kafin azahar. Rediyo tana ta zuba, ni kunnena na wajen jiniya. Kowace ƙara na ji sai in leƙa taga. Na yi alwala ta fi a ƙirga. Ina ta cewa ya Allah, da hannuna na yi wannan, kada ka kama yaron nan da wautar uwarsa.

Da aka tashi fitilu suka fara dawowa, ina karɓa ina leƙa bayan kowa. Shi ne na ƙarshe, yana riƙe da ɗamarar wani tsoho abokin babansa, wanda ake kira Mai Tari, goshin yaron a fashe, jini ya cakuɗe da baƙin kwal ya bushe masa har gira. Ashe an aike shi wata hanya ta gefe ya ɗauko katako shi kaɗai, can fitilar ta mutu. Ya yi ƙoƙarin lalubo hanya ya gwara kai da turke, sai ya tuna abin da babansa ya sha faɗa, cewa in fitila ta mutu a zauna, kada a motsa, domin akwai tsofaffin ramuka da ba a rufe ba. Ya zauna a duhun nan har sai da tsohon ya lura ba ya cikinsu ya koma nemansa. Ya zo taga ya ajiye mini matacciyar fitilar a hankali. Mazan kuwa dariya suke yi, wai rami ya buga masa hatimi tun ranar farko, ya zama ɗan gida. Kin tuna tabon hannun Baba, mai shuɗi-shuɗin nan? Haka ciwon rami ke warkewa, ƙurar kwal ta zauna a ƙarƙashin fata har abada. Yanzu ɗanki yana da nasa a goshi.

A gida ina wanke masa ciwon da ruwan ɗumi, shi ne ya ce mini tun ranar farko ya san fitilar lafiyarta lau, ya yi shiru ne don kada ya kunyata ni a gaban mutane. Ya ce bai yi fushi ba. Ya ce da yake zaune a duhun ba abin da ya riƙa gani sai tagata. Na ce to ka ga abin da nake gudu ke nan, mu tafi. Ya girgiza kai, ya ce gobe ma zai sauka, ya rage nawa in zaɓi fitilar da zai sauka da ita, ta babansa ko ta kwando. Da ya yi mini ihu wallahi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kwance ƙyallen. Na goge gilashin da bakin zanena, na duba waya tun daga hula har batir, na kunna na kashe na sake kunnawa. Da ya iso taga na miƙa masa na ce a fito lafiya, kamar yadda nake ce wa kowa. Ya ce amin ya wuce. Heluma ya ce madalla, fitila ta warke. A wurin aiki ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

To Yaya, kin ji dalilin shiruna, kuma ina jin kin riga kin gane amsata. Ba zan iya zuwa ba. In na bar tagar nan, fitilarsa a hannun Rediyo za ta koma, ita kuwa ba mugunta gare ta ba, amma sau nawa na bi bayanta na tarar ta ajiye fitila a gurbi ba ta zauna a kan caji ba, tana can tana ba da labari. Ba zan iya hana rufi magana ba, ba zan iya sa motar katako ta zo a kan lokaci ba, na kuma kasa hana ɗana sauka. Abu ɗaya ya rage a hannuna, kada haske ya sake ɗauke masa a ƙasa. Na kwashe kayan da na jera a jaka na mayar cikin akwati.

Ina son zuwa, kada ki ɗauka ba na so. Gidan nan ya yi mini girma. Tarin babansu da na yi shekaru ina mita a kansa, yanzu shi kunnena ke nema da asuba. Ɗanki in ya dawo wanka yake yi, ya ci abinci, ya fita wajen abokai, ya zama nasu. Ni da bahon wanki muke hira, ina cuɗa baƙaƙen kaya ruwa yana baƙi, kamar dai ba abin da ya faru, girman rigar ne kawai ya canza. Matan layi sun ɗan ja baya da ni, labarin ƙyallen ya zaga, an ce na so in toshe wa ɗana arziki. In na wuce sai hira ta tsaya. Da kina kusa da na zo na kwanta a gadonki na yi ta surutu kina cewa in rufa miki baki, kamar da.

Ga roƙona. Ki ce wa mai gidanki kada ya bar maganar makanikin nan ta mutu, ya riƙa leƙa shi yana gaishe shi. Ya kuma rubuto wa ɗanki da kansa, magana ta maza, ba faɗa ba, ba kuma ta bakina ba. Wataƙila wata rana rufi zai yi magana ya ji tsoro, ina so ranar ya san akwai inda za shi. Kada ki gaya wa 'yarki labarin goshin nan sai ta sauka. Ɗakin kuma kada a kulle shi don ni, ki bar takwarata ta gidanki ta riƙa karatu a ciki, amma gadon a bar shi inda yake, ko da ba ni zan kwanta a kai ba.

Ki gaishe mini da mai gidanki da kyau, ki ce na gode da labule, Allah ya bar zumunci. Ina gaida babban ɗanki da matarsa, da mai sunan Baba, da takwarata, ki ce mata ta dage da karatu. Jikanki mai ƙiriniyar nan ki ja masa kunne a madadina. Mai Tari ya ce in na rubuto in gaishe ki, wai ya tuna ki kina yarinya kina kawo wa Baba abinci ƙofar kamfani. Ke kuma ki riƙa shafa maganin gwiwar, ba ajiye shi a kan taga ba.

A ɗakin fitilu nake rubuta miki wannan, a kan tebur, da rana. Gurbinsa yana daidai saitin idona, kuma yanzu haka fanko ne. An kusa tashi, na ji keji ya fara motsi, bari in ajiye biro in je taga.

Taki har kullum,
ƙanwarki mai fitilu.